Zaka koma kan babur bayan shekaru? R3, Ninja 500, Ninja 650, R7 da CBR650R a titin Jidda

Duk wanda ya taɓa hawa babur ya ajiye ya san wannan ciwon. Shekara takwas, shekara goma baka taɓa totur ba, aure ya zo, yara sun zo, aiki ya riƙe ka, wani ma tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 bai sake ɗora ƙafa ba har Allah ya kawo shi nan Saudiyya, amma da zarar ayarin masu dabbab, wato babura, sun wuce ka a Kornish, titin bakin tekun Jidda, da daddare sai kaji zuciyarka ta bi su. To ɗan uwa wannan rubutun naka ne, kai da ka riga ka yanke shawarar komawa, kuma kana son irin mai roba a jiki ɗin nan da muke cewa fawa baik, amma ka rasa wanne zaka ɗauka.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Hannunka zai tuna kulochi da giya cikin minti biyar, wannan ba ya ɓacewa, kuma shi ne yake yaudarar mutane. Abinda ya tafi shi ne ido da saurin yanke hukunci, wato yadda kake karanta motar dake gabanka, yadda kake matsa birkin gaba a hankali ba fizga ba, yadda kake kallon inda zaka fita a kwana ba bangon da kake tsoro ba. Waɗannan sai sun ɗau watanni kafin su dawo. Sannan baburan ma sun canza. Boxer ɗin da da yawanmu muka sani ƙarfinsa wajen doki 8 ne, mafi ƙanƙanta cikin waɗanda zan kawo yana da doki 42. Don haka in kaji an ce maka mai 300cc (cc ma'aunin girman injin ne) ai na yara ne, kar ka yarda.

Ma'aunin da zamu auna su da shi

Na farko ƙarfi, kuma ba yawansa kaɗai ba, yadda yake fitowa. Injin mai silinda biyu yana bada ƙarfinsa tun daga ƙasa, kana murɗawa yana tafiya daidai da hannunka. Mai silinda huɗu yana da laushi a ƙasa, sai allura ta hau sama sannan ya buɗe, kuma lokacin da zai buɗe ɗin ka riga ka wuce gudun da doka ta yarda.

Na biyu zama da nauyi da tsayin kujera. Bayan ɗan shekara 25 daban, bayan ɗan 42 daban, kuma galibinmu mun ƙara jiki. Babur da ƙafarka bata taka ƙasa sosai a kansa zai kayar da kai a gaban danja ko wajen juyawa a lungu, ba sai kana gudu ba.

Na uku zafi. Wannan masu sharhi na Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa a nan shi ne rabin magana. Tsaya a danja a titin Tahliya cikin watan Agusta, ga zafi ya haura digiri 40, ga gumin teku, robar jikin babur ta rufe injin, sai kaji fankar lagireto ta tashi tana huro maka iska mai zafi a cinya da ƙwauri, gumi na gangarowa cikin hular kwano, danja kuma bata da niyyar saki. Girman injin, girman wutar dake ƙarƙashinka.

Na huɗu kuɗi, na saye da na riƙewa. Na biyar ƙarko da samun kayan gyara. Na shida na'urorin kariya, musamman ABS, wanda yake hana taya ta cije in ka danne birki da ƙarfi. Turai ta wajabta shi kan sabbin baburan da suka haura 125cc tun 2016, ni kuma a wajena duk mai dawowa bai kamata ya sayi wanda bashi da shi ba, ko da kyauta-kyauta aka yi masa farashi, saboda titunanmu akwai yashi a gefe, akwai man da ya zuba a shataletale, ga direban da zai tsallako layi uku ba sigina.

Ga su a jere. Farashin na Amurka ne a 2024 don kawai ka ga tazarar dake tsakaninsu, riyal 3.75 ne dala ɗaya, a nan kuma sai ka ɗora kuɗin jigila da kwastan da harajin kashi 15 da ribar wakala, wato dilan kamfanin.

| Babur | Injin | Doki | Nauyi | Kujera | Tanki | Farashi |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Yamaha R3 | 321cc, silinda 2 | 42 | 169kg | 780mm | lita 14 | wajen dala 5,500 |
| Kawasaki Ninja 500 | 451cc, silinda 2 | 45 | 171kg | 785mm | lita 14 | wajen dala 5,500 |
| Kawasaki Ninja 650 | 649cc, silinda 2 | 68 | 193kg | 790mm | lita 15 | dala 8,300 zuwa 8,900 |
| Yamaha R7 | 689cc, silinda 2 | 73 | 188kg | 835mm | lita 13 | wajen dala 9,200 |
| Honda CBR650R | 649cc, silinda 4 | 95 | 208kg | 810mm | lita 15.4 | wajen dala 9,900 |

Kaga kenan ƙananan biyun sun tashi wajen riyal dubu 20 da 'yan kai kafin haraji, manyan ukun kuma daga dubu 31 zuwa dubu 37.

Yamaha R3

Tun 2015 yake kasuwa, don haka na hannu suna da yawa, makanikai sun san shi, kayan gyara ba wahala. Injinsa yana son a murɗa shi, a ƙasa bashi da wani kuzari, sai ka kai shi sama yake nuna kansa, wanda hakan alheri ne ga mai dawowa domin ko hannunka ya kuɓuce ba zai ɗaga ƙafar gaba ya jefar da kai ba. Kujerarsa ita ce mafi ƙasa a cikinsu, mai matsakaicin tsayi zai taka ƙasa da tafin ƙafa duka biyu. Ƙarko kuwa ba a magana, Yamaha na cewa a duba bawul sai wajen kilomita dubu 40, in dai kana juye a kan lokaci zai daɗe yana maka aiki.

Inda yake da rauni shi ne babban titi. Zai yi 120 ba matsala, amma yana yi ne da ihu, kuma in kana son wuce tirela a hanyar Makka sai ka sauke giya ɗaya ko biyu. In kai mai jiki ne, ko dogo, zaka ji ka cika shi. Wajen haɗari shi ne mafi yafiya a cikinsu. Ka dai tabbatar mai ABS ne, akwai na shekarun baya da aka fitar babu.

Kawasaki Ninja 500

Wannan shi ya gaji Ninja 400 a 2024, shi kuma 400 ɗin ya fito a 2018 ya yi suna sosai. A takarda doki uku ne kawai tsakaninsa da R3, amma a kan titi bambancin ya fi haka, saboda ƙarin cc 130 ɗin nan yana bashi ƙarfin ja daga ƙasa, ba sai kana ta canza giya ba. Kulochinsa laushi ne da shi ƙwarai, yatsa biyu ya isa, kuma irin wanda yake hana tayar baya tsalle ne in ka sauke giya da gaggawa, kuskuren da kusan duk mai dawowa sai ya yi. A zahmar bayan la'asar, wato cunkoso, wannan laushin ba ƙaramin abu bane, wanda ya taɓa riƙe kulochi mai tauri daga Balad, tsohon gari, zuwa Obhur can arewacin Jidda ya san me nake faɗa.

Zamansa a miƙe yake fiye da yadda kamanninsa ke nunawa, kan babur ɗin ya ɗan taso, baka kwanciya kan tanki. Mai yana yin wajen kilomita 25 a lita, tankin lita 14 kuma a farashin fetur mai lamba 91 na riyal 2.18 kowace lita bai fi riyal 31 ka cika shi ba. Abinda zan ce a kansa na rashi, sassan ƙafafunsa na talaka ne, shok ɗin gaba ba a saita shi, in ka fara matsa masa a kwana zaka ji iyakarsa. Amma kafin ka kai wannan matsayin ka yi shekara kana jin daɗinsa. In kuɗi bai kai sabo ba, Ninja 400 na hannu mai tsafta kusan abu ɗaya ne.

In ka tambaye ni wanda zan ba mafi yawan masu dawowa, wannan ne, ba na ɓoyewa.

Kawasaki Ninja 650

Shi wannan sunan fawa baik ne da shi amma halinsa na babur ɗin tafiya ne. Kujera 790mm, kusan daidai da ƙananan, kan babur a sama, gwiwa bata naɗewa sosai, kuma wanda zaka goya a baya zai samu wurin zama na mutunci. Doki 68 ɗinsa suna zuwa ne a natse. A 120 injin yana hutawa, in ka buɗe don wuce mota ya wuce ba gardama, kuma nauyin 193kg ɗin yana taimakawa in iskar gefe ta bugo ka a fili, irin wadda ake samu a hanyar Madina ko ta Yanbu. Injin tsohon zubi ne da Kawasaki ta daɗe tana sawa a babura daban-daban, an san shi da juriya, kayan sa kuma suna samuwa. Daga samfurin 2023 aka saka masa na'urar hana tayar baya sulɓi, don haka in da hali ka nemi daga nan zuwa sama.

Masu son ƙara da burga suna cewa bashi da armashi, sautinsa ba ya tada gashin jiki. Gaskiya ne. Haɗarinsa matsakaici ne, ƙarfin ya isa ya cutar da kai in ka yi wasa, amma ba ya zuga ka. Kilo 20 ɗin da ya ɗara ƙananan zaka ji su ne wajen turawa da fakin, ba kan tafiya ba.

Yamaha R7

A nan ne ido yake rinjayar hankali, domin wallahi yana da kyau, ka ganshi a tsaye sai ka ɗauka R1 ne, babban babur ɗin tsere na Yamaha. Ya fito a 2021 da injin Yamaha MT-07, injin da kowa ya yarda da ƙarkonsa, ga ƙarfin ja mai daɗi, ga sauti mai kauri, ga shok ɗin gaba da ake saitawa. A hawan dutsen Hada zuwa Ɗa'if, inda kwana ke bin kwana, cikin biyar ɗin nan babu wanda zai baka abinda zai baka.

Matsalar zama ce. Kujera 835mm, kan babur ɗin kuma can ƙasa, zaka zauna ne kamar mai ruku'u, nauyinka kan wuyan hannu, wuyanka a ɗage don ka ga gaba. Rabin awa a zahma sai tafin hannu ya fara mutuwa, ƙugu ya fara ciwo, kuma a irin wannan zaman waiwaye don duba motar dake gefenka yana da wuya, juyawa a wuri matsattse ma haka. Mai dawowa yana buƙatar ganin titi sosai fiye da komai, shi kuma R7 yana rage maka wannan. Sannan na shekarun farko, waɗanda su ne zaka fi samu na hannu, ABS kawai gare su, babu na'urar hana sulɓi, ga ƙarfin ja mai yawa a giya ta ɗaya da ta biyu. Tankinsa ma lita 13 ne, mafi ƙanƙanta. In gajere ne kai, ko kana da ciwon baya, ka je ka zauna a kansa minti goma a wakala da ƙafa ɗaya a ƙasa kafin ka biya ko riyal ɗaya.

Honda CBR650R

Shi kaɗai ne mai silinda huɗu a nan, kuma sautin nan siriri da kake ji yana tsaga dare, irin nasa ne. Ya fito a 2019, aikin Honda ne, komai a haɗe tsaf, yana da na'urar hana sulɓi, daga 2024 kuma akwai mai E-Clutch, wanda zaka tashi ka tsaya ka canza giya ba tare da ka taɓa kulochi ba, abin da ke da amfani sosai a cunkoso. A ƙasa yana da ladabi har ya fi R7 sauƙin sarrafawa, zamansa ma bai kai na R7 tsanani ba.

Amma shi ne mafi nauyi, 208kg, shi ne mafi tsada, shi ne mafi shan mai, kuma shi ne mafi zafi a tsaye, silinda huɗu a ƙarƙashin roba cikin rani ba wasa bane. Sabis ɗinsa ma komai huɗu-huɗu ne, fulogi huɗu, bawul goma sha shida. Babban abin kuma, daɗinsa yana sama ne, injin zai riƙa kiranka ka kai shi can, titunanmu kuwa iyakarsu 120, wasu manyan hanyoyi 140, kyamarar Saher mai kama masu gudu kuma bata barci, muhalafa, wato tara, zata shigo maka a waya tun kafin ka iso gida. Doki 95 ga wanda idonsa bai gama dawowa ba abu ne mai yawa.

Akwai wasu da zaka ji ana ambata. KTM RC 390 yana da na'urori masu kyau, kamfanin Bajaj ne ke ƙera shi a Indiya, amma silinda ɗaya ne, yana da karkarwa kuma yana zafi a cunkoso, kujerarsa ma doguwa ce. Suzuki GSX-8R na 2024 mai 776cc yana tsakanin Ninja 650 da CBR650R, babur ne mai kyau in ka same shi a farashi mai sauƙi.

Su kuma Hayabusa da S1000RR da ZX-10R da ire-irensu, na san a nan ana samun na hannu a farashin da zai ja hankalinka, kuma na san abokai zasu ce ai kai tsohon hannu ne. Hayabusa 1340cc ne, doki 190, kilo 264. S1000RR ya haura doki 200. Waɗannan a giya ta ɗaya kaɗai sun wuce gudun cikin gari, kuma in gudu ya ninka sau biyu, tazarar da kake buƙata ka tsaya tana ninkawa sau huɗu ne. Don Allah ka bar su a shekarar farko, kana da masu jiranka a gida.

Sabo ko na hannu

Mai dawowa sai ya kayar da babur ko sau ɗaya, galibi a tsaye, kuma robar gefe ɗaya ta asali da madubi da hannun birki kuɗi ne mai zafi, shi yasa na hannu yake da ma'ana, sannan ka saka masa ƙarfen kare jiki tun ranar farko. In zaka duba a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, fara da takardu. Akwai waɗanda ake sayarwa ba istimara (takardar rajista) ba lamba, kar arha ta ruɗe ka, babur ba takarda wahala ce kawai zaka saya. Ka tabbatar za a iya mayar da shi sunanka, ka yi ta'amin, wato inshora, kuma ka sani lasisin mota ba ya tuƙa babur, nasa daban ne, ka duba iƙamarka da manhajar gwamnati ta Absher kafin ka fara ciniki.

Sai jikin babur. Tsuguna ka duba gefen taya, bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu, misali 2319 yana nufin mako na 23 a 2019. Taya zata iya zama da zanenta fes amma ta haura shekara biyar ta bushe a ranar Jidda, ka danna farce kaji ta kamar katako, wannan a kwana zata zame maka. Duba sarƙa ko ta yi tsatsa, iskar teku tana cin ƙarfe a garin nan, yashi kuma yana haɗuwa da man sarƙa yana cinye haƙoranta. Duba ƙarshen kan babur da wurin taka ƙafa, in sun goge to ya taɓa faɗuwa ko da an sake fenti. Ka ce a bar maka shi da sanyi kai zaka tayar, sannan ka barshi a tsaye har fanka ta tashi da kanta, in bata tashi ba kuma zafi na hawa, ka tafi. Man birki a canza duk shekara biyu, ka ɗauka ba a taɓa canzawa ba. In zai yarda ku je sana'iyya, unguwar gareji, wajen makanikin da kai ka zaɓa, alama ce mai kyau.

Kuma ka ware kuɗin kaya daga cikin kuɗin babur, ba bayan ya ƙare ba. Hular kwano mai rufe fuska duka, mai tambarin ECE 22.06 in ka samu, tsohuwar da ka ajiye shekara goma ta gama aiki. Jaket mai raga-raga da ke shan iska amma da kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da baya, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu. Jallabiya da silifas ba kayan hawa bane, bakin jallabiya ma yana iya shiga sarƙa. Makonnin farko ka nemi fili da safe bayan asuba ka riƙa gwada birki da juyawa, ka guji ranar ruwan farko na hunturu, lokacin ne duk man da ya taru a kwalta yake tasowa.

To wanne ne naka

In abinda ka hau a baya Boxer ne ko Jincheng ko wani 125, ko kuma ka haura shekara goma rabonka da hawa, ɗauki Ninja 500, ko Ninja 400 na hannu mai ABS. In kai ba dogo bane, ko kuɗin Ninja ya fi ƙarfinka, R3 na hannu zai wadatar da kai kuma in ka tashi sayarwa ba zai kwana a hannunka ba.

In tafiyarka ta babban titi ce, Jidda zuwa Makka kullum, ko fita Rabig da Yanbu ranar hutu, ko zaka riƙa goyon wani, ko kai mai jiki ne, Ninja 650 daga 2023 zuwa sama.

In ka taɓa riƙe mai 600cc a baya, hutun naka bai wuce shekara uku ko huɗu ba, kana da mota ta zuwa aiki, babur ɗin na safiyar Juma'a ne kawai a kan dutse, kuma bayanka lafiya lau, R7. Ka dai tuna Hada akwai hazo wani lokaci, akwai birai a bakin hanya.

In kuwa tsohon mai silinda huɗu ne kai, sautin nan shi ne ya dawo da kai, kana da kuɗin sabis da taya ba tare da ka taɓa na cefane ba, kuma mafi yawan hawanka da daddare ne ko lokacin sanyi, CBR650R mai E-Clutch, amma wata ukun farko ka riƙe allurar a ƙasa da rabi.